Farantin hasken rana a tsakar gida: nauyi ne ke riƙe shi ranar iska



A yau, cikin garuruwa da ƙauyuka na gundumar Tasawa da ta Mayahi, farantin hasken rana ba baƙo ba ne. Wasu na ce masa sola, wasu na ce masa fanno. Daga Maijirgi zuwa Urafan, daga Korgom zuwa Kanambakashe, ana ganin shi bisa ɗaki, bisa rumfa, ko jingine da bango. Da shi ake kunna fitila. Da shi ake cajin salula. Da shi yara ke bitar karatu da dare. Wasu ma da shi suke sana'ar sayar da ruwan sanyi.

Faranti ba abu ne mai araha ba. Magidanci kan sayar da hatsi, ko wake, ko akuya, kafin ya same shi. Amma sau da yawa, bayan an kashe kuɗi wajen faranti da batir, ba a kashe ko dala wajen wurin zamansa. Sai a jingina shi da tubali ɗaya. Ranar da hadari ya taso, iska ta ɗaga shi, ta buga da bango. Gilashi ya fashe, kuɗi sun tafi. Wani lokaci ma ya faɗa wa yaro ko dabba.

Ga abin da muke son mu bayyana a wannan karo: yadda ake girka faranti a ƙasa, bisa gadon ƙarfe, a danne shi da nauyi. Nauyin nan sai an lissafa shi, an sa shi inda ya dace, an kuma ɗaure shi da gadon.

Aikin ya daɗe a ƙasarmu

Amfani da hasken rana ba yau ya fara a Nijar ba. A shekarar 1965 gwamnati ta kafa ma'aikatar binciken ƙarfin rana a Yamai, mai suna ONERSOL. Mutumin da ya shugabance ta daga 1969, Farfesa Abdu Mumuni, a Tasawa aka haife shi, a shekarar 1929. Shi da ma'aikatansa sun ƙera tukunyar dafa abinci da rana, da na'urar ɗuma ruwa da rana. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. A shekarar 1968 an gwada faranti don kunna talabijin ɗin koyarwa a wata makaranta kusa da Yamai.

Daga baya aka gina manyan tashoshi. Ta Malbaza ta fara aiki a 2018. Ta Goru Banda, kusa da Yamai, ta fara a 2023. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, har cikin 2024. Kafin lokacin, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Mutanen birni ma sai suka koma sayen faranti, kamar mutanen ƙauye da wayar NIGELEC ba ta kai gare su ba.

A manyan tashoshi, injiniyoyi ne ke lissafin ƙarfin iska kafin a kafa ƙarfe. A gida kuwa, maigida da mai walda ne injiniyoyi. Saboda haka ya kamata su san lissafin.

Bisa ɗaki ko a ƙasa?

Mutane da yawa sun fi son ɗora faranti bisa ɗaki, don ɓarawo da awaki. Suna da hujja. Amma mu duba irin ɗakunanmu.

Ɗakin soro, rufinsa ƙasa ce bisa itace. In an huda shi don a kafa ƙarfe, an buɗe wa ruwa hanya. Ruwa ya shiga, itace ya ruɓe, rufi ya fara yoyo. Ɗakin kwano kuwa, shi kansa kwanon iska na yaye shi. In ya tashi, da faranti zai tafi. Ɗakin kara da bukka ba su iya ɗaukar kaya. Ban da haka, iska ta fi ƙarfi a sama. Kuma abin da ke bisa ɗaki ba a share shi kullum, don hawa da wuya.

A ƙasa, uwargida ko babban yaro na iya share faranti kowace safiya. Ido na kansa. In wani abu ya kwance, nan da nan a gani.

To, me ya sa ba za a haƙa rami a kafa ƙafafun gadon ba, kamar dirkar rumfa? Ana iya yi, in ramin ya yi zurfi kuma an zuba kankare. Amma yawancin ƙasarmu jigawa ce. Rairayi ba ya riƙe ƙarfe da kyau. Iska na girgiza ƙafa yau da gobe, rami na buɗewa. Ranar da ƙasa ta sha ruwa, ƙafa ta zare kamar an cire rogo.

Dabarar danni ta bambanta. Ba a dogara da riƙon ƙasa. Ana dogara da nauyi. Kowa ya san yadda ake jera duwatsu ko tubali bisa kwano don kada iska ta kwashe shi. Wannan ma haka ne, sai dai da awo da ɗauri. Wani amfaninta: mai haya, ko wanda zai sāke shirin gida, yana iya kwance gadon ya kai shi wani wuri.

Yadda iska ke ɗaga faranti

Faranti ba a kwance yake sosai ba. A karkace yake, gabansa ƙasa, bayansa sama. A yankinmu fuskarsa kudu take kallo. Ke nan gefen da ya ɗaga yana wajen arewa.

Yanzu mu tuna inda iskarmu ke fitowa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Hadarin damana yawanci daga gabas yake tasowa, da jar ƙura a gabansa. Duka biyu suna samun hanyar shiga ƙarƙashin faranti, ta baya ko ta gefe. In iska ta shiga ƙarƙashi, sama take tura shi. Wanda ya taɓa ɗaukar faifan kwano a ka ranar iska ya san wannan.

Ga wani abu da ya kamata kowa ya riƙe. In gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfinta ba sau 2 yake ninkawa ba, sau 4 ne. Iska mai gudun kilomita 50 a awa tana tura fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 da ƙarfin wajen kilo 12. In gudunta ya kai kilomita 100 a awa, turin ya kai wajen kilo 50. Iskar da ke gaban babban hadari tana iya kusantar wannan gudu na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan ya isa ya yi ɓarna.

Babban faranti, mai tsawon wajen mita 2 da faɗin mita 1, nauyinsa bai wuce kilo 20 da ɗoriya ba. Turin iska a kansa kuwa yana iya kai kilo 100. Kilo 20 ba ya tsayawa gaban kilo 100. Shi ya sa faranti da ya yi wata 8 lafiya bisa tubali ɗaya yake tashi a hadarin farko na watan Yuni. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara.

Nauyi nawa ake bukata?

Ga lissafi mai sauƙi. A ɗauki mita a auna tsawon faranti da faɗinsa. A ninka su. Abin da ya fito shi ne filinsa. Kowane fili na mita 1 sau mita 1, a ba shi kilo 75. Kilo 50 na turin iska ne. Kilo 25 na bisa kuwa tanadi ne, don iska ba ta sanarwa.

Ƙaramin faranti, mita 1 sau rabin mita: wajen kilo 40.

Matsakaici, mita 1 da rabi sau santimita 70: wajen kilo 75 zuwa 80.

Babba, mita 2 sau mita 1: kilo 150.

Wanda ba shi da sikeli, ya tuna buhun siminti kilo 50 ne. Ke nan babban faranti na son nauyin buhun siminti 3. Faranti 2 manya, buhu 6. Ba a rage lissafi don an haɗa su gado ɗaya.

Wannan awo na gidan da ke da katanga ko darni ne, cikin gari. In gida na bakin gari, ko bisa tudun rairayi, ko faranti na cikin lambu a fili inda ba itace, a ƙara rabin abin da aka lissafa. In farantai sun wuce 4, kamar na famfon rijiya ko na injin niƙa, a nemi ma'aikacin da ya koyi aikin. Lissafinsu ya wuce na gida.

Ba a raba nauyi daidai tsakanin ƙafafu. Baya ne iska ke fara ɗagawa. Saboda haka a raba nauyin kashi 3: kashi 2 a baya, wajen arewa, kashi 1 a gaba.

Da me ake yin nauyin?

Abin da ya fi duka shi ne kankare, wanda magina ke kira beto. Ga yadda ake haɗa shi: awo 1 na siminti, awo 2 na yashi mai tsabta, awo 4 na tsakuwa. A sa ruwa kaɗan kaɗan, kada ya yi ruwa-ruwa. A zuba cikin tsohon bokiti, ko bido da aka yanke kansa, ko tsohuwar tayar mota. A caccaka da sanda don iska ta fita. Tun yana ɗanye, a nutsa ƙarfe mai lanƙwasa a ciki, kansa ya fito waje. Da wannan ƙarfe za a ɗaure ƙafar gado.

Bokiti mai lita 20, in ya cika da kankare, nauyinsa wajen kilo 45 ne. Don babban faranti, a yi cikakku 2 na baya, a yi rabi-rabi 2 na gaba. Sun kai wajen kilo 135. In aka haɗa da nauyin faranti da na gadonsa, an wuce 150. Rabin buhun siminti ya isa wannan aiki duka.

Kankare na son haƙuri. A ajiye shi a inuwa, a rufe da tsohon buhu, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7. Ƙarfinsa ba ya cika sai wajen kwana 28. Wanda ya bar shi a rana ya bushe da sauri, zai ga yana marmashewa. Ke nan mai son ya shirya wa damana, ya zuba nasa tun watan Afrilu.

Bulon siminti ma na yi, in marar rami ne. A auna ɗaya a sikelin mai sayen hatsi, a san nawa ake bukata. Sai a yi wa gadon wani ɗan akwati na ƙarfe a ƙasa, a jera su ciki. Duwatsu ma haka: a zuba su cikin akwati ko ragar waya mai kauri, a ɗaure.

Ga abubuwan da ba su da tabbas.

Buhun leda cike da rairayi: rana na cin ledar cikin ƴan watanni. Buhu ya yage, rairayi ya zube, ba wanda ya lura.

Bido cike da ruwa: lita 20 kilo 20 ne kawai. Kuma ranar da aka rasa ruwa a gida, wani zai ɗauka.

Tubalin ƙasa: ruwan sama na narkar da shi, daidai lokacin da ake bukatarsa.

Dutse ko bulo da aka ɗora kawai ba ɗauri: girgizar iska na zamar da shi. Kuma ranar da mace ta rasa murhu ko abin zama, shi za a jawo. Nauyin da ba a ɗaure ba, ba a lissafa shi.

Gadon faranti

A kai wa mai walda awon faranti. Ya yi gadon da ƙarfe mai kusurwa, wanda suke kira korniyar, mai kauri. Ya sa ƙarfe a gicciye tsakanin ƙafafu don kada gado ya yi rawa. A goge shi, a shafa fentin hana tsatsa, sannan a shafa wani fenti a bisa. Wurin walda da ƙasan ƙafafu su ne tsatsa ke fara ci.

A bayan faranti, cikin ƙarfensa na gefe, akwai ramuka da masana'anta suka huda. Nan ake sa noti, wuri 4 aƙalla. Kada a ɗaure da igiyar kaba, ko tsumma, ko robar taya. Rana na tsinka su. Kada a yi walda jikin faranti. Ƙarfen gefensa alminiyam ne, ba ya jituwa da baƙin ƙarfe in akwai laima. A sa ƴar roba tsakaninsu.

Wanda ba shi da halin ƙarfe, yana iya yin gadon itace mai ƙwari. Amma gara na nan. Kada itacen ya taɓa ƙasa, ya zauna bisa kankare. A riƙa duba shi kowane wata.

Zaɓen wuri

Na farko, rana. A nemi wurin da inuwa ba ta faɗawa daga hantsi har la'asar. Ƙwayoyin da ke cikin faranti a jere suke, kamar mutane masu miƙa wa juna guga. In inuwa ta rufe kaɗan daga ciki, aikin sauran ma ya ragu. A yi hankali da gawo. Da damana ba shi da ganye, sai mutum ya ga wuri fili. Da rani ganye ya fito, inuwa ta rufe faranti. Kada a sare itace saboda faranti. Itatuwan da manoman jihar Maraɗi suka raya a gonaki tun shekarun 1980 su ne ke rage mana ƙarfin iska. Faranti za a matsar.

Na biyu, ruwa. A tsaya a tuna inda ruwa ke bi cikin gida in an yi babban ruwa. Kada a girka ƙarƙashin indararo. Kada a girka a kwari, ko bakin hanyar ruwa. Mutanen da ke kusa da Gulbin Kaba da bakin tabkuna su ƙara kula. Ruwa mai gudu na kwashe rairayin da ke ƙarƙashin kankare, gado ya karkace. A damanar 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi, kuma a watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Kada kuma a manna faranti da katangar ƙasa. In ta faɗi, bisa kansa za ta faɗi.

Na uku, shimfiɗa. A share wurin, a daidaita shi. A zuba tsakuwa ko jar ƙasa mai tsakuwa, kaurin tafin hannu, a daɓe sosai. Wurin ya ɗan fi sauran tsakar gida tudu. A nutsa gindin kankaren kaɗan cikin daɓen don kada ya zame.

Na huɗu, fuska. Faranti ya kalli kudu. Kada a yi awo da alƙibla, don a yankinmu alƙibla ta ɗan karkata arewa da gabas. Ga hanya mai sauƙi. Cikin watan Disamba ko Janairu, a kafa sanda a miƙe. Wajen ƙarfe 12 da rabi na rana inuwarta ta fi gajarta. A lokacin, inuwar arewa take nunawa. A ja layi a ƙasa, a sa alama.

Na biyar, karkata. Tasawa da Mayahi suna wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya. Saboda haka karkatar digiri 15 ta dace da mu. Ba sai da na'ura ba. A auna gefen faranti da ke hawa daga gaba zuwa baya da igiya. A ninka igiyar gida 4. Tsawon gida 1 shi ne yadda baya zai fi gaba tsawo. In gefen mita 1 ne, baya ya ɗara gaba da wajen santimita 25. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana na bi ta ɗan arewa da kanmu. Wannan ba ya sa a juya faranti, don karkatar kaɗan ce. Kada a miƙar da shi tsaye sosai: iska za ta fi samun shi. Kada kuma a kwantar da shi sarai: ƙura da ruwa za su zauna a kai.

A kwantar da faranti ta tsawonsa, daga gabas zuwa yamma, don kada baya ya yi tsawo. Gabansa ya tashi daga ƙasa kamu 1, wato wajen rabin mita. In ya yi ƙasa da haka, ruwan sama na fallatsa masa laka. In ya yi sama da yawa, iska ta samu abin kamawa.

A kewaye shi da ɗan shinge, saboda awaki da yara. Shingen kudu ya zama gajere, ko ya yi nisa, don inuwa. Wayar da ke zuwa ɗaki a sa ta cikin bututun roba, a binne. Akuya da ɓera na cin waya. Batir da na'urar da ke tsare shi su zauna cikin ɗaki, a inuwa, nesa da wuta da hannun yara. Don ɓarawo, mai walda na iya ɗiga walda bisa kan noti, ko a sa sarƙa da kwaɗo jikin ƙarfen kankare. Ɓarawo ba ya gudu da kilo 150.

Faranti da lokutan shekara

Masana'anta masu kirki na cewa farantinsu zai yi shekara 20 zuwa 25, yana ba da wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na farko. Batir ba ya kai haka, ana sāke shi bayan ƴan shekaru. Amma faranti ba ya kai shekarunsa sai gadonsa ya kai. Kowane lokaci da abin da yake kawowa.

Hunturu. Ƙura ce abokiyar gaba. In ta kwanta bisa gilashi aka bar ta makonni, wuta na raguwa ƙwarai, batir ba ya cika. A share da tsumma mai laushi, da sassafe ko bayan faɗuwar rana. In akwai ruwa, kofi 1 ko 2 sun isa. Kada a goge da tsintsiyar kaba, ko soso mai kaushi, ko toka. Suna karce gilashi. Iska kuma na tara rairayi a gindin gado. A kwashe, don rairayi na riƙe laima da damana, ƙarfe ya yi tsatsa.

Bazara. Wasu na zaton zafi ne ke ba da wuta. A'a, haske ne. Zafi rage ta yake yi. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti, an auna shi ne a zafin digiri 25. A watan Afrilu da Mayu, in zafin gari ya wuce 40, jikin faranti na iya kai 65. A nan yana asarar wajen kashi 15 cikin 100. Maganinsa shi ne iska ta riƙa wucewa ta ƙarƙashi. Saboda haka kada a toshe ƙarƙashin gado da gini ta kowane gefe. Kada a mai da shi wurin ajiyar kara ko harawa. Kuma kada a watsa ruwan sanyi bisa gilashi mai zafi da tsakar rana, yana iya tsagewa. Guguwar bazara ma na ɗaga faranti, ba sai hadari ba.

Damana. Iska, ruwa, ƙanƙara da tsawa. Gilashin faranti mai kyau an gwada shi da ƙanƙara mai girman santimita 2 da rabi. Abin da ya fi fasa shi shi ne abin da iska ta ɗauko: kwano, reshe, kwanon abinci, turmi da ya gangaro. In hadari ya haɗu, a kwashe tarkace daga tsakar gida. Don tsawa, ma'aikaci ya haɗa gadon da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. In ana walƙiya, kada kowa ya taɓa gado ko waya. In hadari ya riga ya iso, kada wani ya fita don ya riƙe faranti da hannu. Rai ya fi faranti.

Kaka. Ƙaiƙayi da ƙurar sussuka na manne wa gilashi. Tsuntsaye ma na yawa. Kashin tsuntsu ɗaya na yin inuwa kamar ganye. A wanke shi da wuri.

Abin dubawa kafin ruwan farko

Cikin watan Mayu, kafin a fita shuka, maigida ya ba faranti rabin awa.

1. Ya kama bayan gado da hannu biyu, ya gwada ɗagawa. In ya motsa, nauyi bai isa ba.
2. Ya bi noti ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara ɗaure su.
3. Ya duba kankare, ko ya tsage, ko ƙarfen cikinsa na girgiza.
4. Ya duba tsatsa. Ya kankare ta, ya shafa fenti.
5. Ya duba daɓe. In ruwan bara ya yi rami, ya cike.
6. Ya bi waya daga faranti har ɗaki.
7. Ya duba reshen da zai iya karyewa ya faɗo, da kwanon da ya kwance a kusa.

Bayan kowane babban hadari, a sāke dubawa. Rigakafi ya fi magani.

Mu tattauna

Ƴan'uwa, rabin buhun siminti, da ƴan ƙarafa, da aikin kwana 2, ba su kai kuɗin sabon faranti ba. Maƙwabta 2 ko 3 na iya haɗa kuɗi su sayi buhu 1, su zuba kankarensu rana ɗaya. Ƙungiyoyin mata da ke da farantin cajin salula, da kwamitin makaranta, da na gidan likita, su ma su duba nasu.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan bayani tare da ɗalibai, su yi wannan lissafi a allo:

Wani magidanci na da faranti 2. Kowane tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1. Gidansa na cikin gari. Kilo nawa yake bukata duka? Nawa zai sa a baya, nawa a gaba? In da gidan na bisa tudu a bakin gari, kilo nawa zai ƙara?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A kai wa mai walda na gari ya gani. Wanda ya samu wata dabara da ta yi masa aiki a ƙauyensu, ya rubuto mana, mu buga don kowa ya amfana.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da dukiyarmu.